Yadda ake kai tsohon soja wajen likitan firgici, na namiji daban na mace daban

Mu dai in zamu ambaci tsofaffin sojoji cewa muke 'yan mazan jiya, ko a rediyo ranar 15 ga Janairu haka zaka ji ana ta faɗa, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Toh kaga tun daga sunan ma an cire mace daga lissafi, shi kuma namijin an ɗora masa kaya, don wanda aka yiwa kirari da namijin jiya ai da kunya yazo yau yace shi fa baya iya barci sai da fitila a kunne. Wannan maganar ta masu tsohon soja ce a gida, uba ko miji ko yaya ko mata ko ƙanwa, wanda ya dawo daga daji jikinsa garau amma kowa a gidan ya san ba wanda ya tafi bane ya dawo, kuna son kaishi wajen masu magani kun rasa ta inda zaku ɓullo masa. Abinda na lura dashi shine dabarar da take ci akan namiji bata ci akan mace, shi a bakin ƙofa yake tirjewa, ita kuwa sau tari da ƙafarta take shiga amma sai a kore ta daga ciki ba tare da kowa yace mata fita ba.

Fara gane abin tukunna

Likitoci PTSD suke ce masa, sunan ya shiga littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980 bayan yaƙin Biyetnam, amma ciwon ya girmi sunan nesa ba kusa ba, tun yaƙin duniya na farko likitocin Ingila suke ganinsa a jikin sojojinsu. Ni firgici nake ce masa, firgicin da ya ƙi wucewa.

Wani kawuna yana cikin waɗanda aka kai Laberiya zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da muƙamin saje yayi ritaya. Muna yara abinda muka sani kawai shine Kawu baya zama sai bayansa na jikin bango fuskarsa na kallon ƙofa, ko a gidan biki ne sai ya tashi wani ya zauna a wurin, kuma akwai adda a ƙarƙashin tabarmarsa a zaure. Wata ƙaramar sallah yara suka fasa nokawut a bayan katanga yana cikin cin tuwo, wallahi kafin mu ɗago kai mutumin nan yana kwance rub da ciki a bayan randa, miya duk a gaban rigarsa, mu muka kwashe da dariya, shi kuma ya tashi ya kakkaɓe jiki ya shige ɗaki bai fito ba sai washegari. Shekaru muna cewa halinsa ne, wasu suce sammu aka yi masa a can.

Akwai tambayoyi 5 da asibitocin tsofaffin sojoji a Amurka suke fara tantancewa dasu, kai ma zaka iya auna naka a zuci kafin ka buɗe baki. A cikin watan da ya wuce, yana mugayen mafarkai akan abin ko tunanin na faɗo masa ba da sonsa ba? Yana gudun duk abinda zai tuna masa, wuri ko mutane ko hira? Kullum a shirye yake kamar mai gadi, ƙaramin motsi ya zabura? Ya zama kamar dutse, baya jin daɗin komai, ya janye daga mutane? Yana ɗora wa kansa ko wani laifin abinda ya faru har ya kasa dainawa? In amsar eh ta kai 4 a namiji to lallai a ga likita, amma a mace masu binciken sun gano in aka tsaya sai ta kai 4 ana tsallake mata da yawa masu ciwon, don haka ita ko 3 ce kar a yi wasa. Kuma wannan ba shine hukunci ba, ƙwanƙwasa ƙofa ne kawai, likita ne zai tabbatar, sannan sai abin ya haura wata guda ana fama ake kiransa da wannan sunan.

Abinda Amurkawa suka gani da suka ƙirga

Alƙaluman nan na Amurka ne, su suke da ma'aikata guda sukutum ta tsofaffin sojoji wadda suke cewa VA, da asibitocinta da komai, kuma mata kusan miliyan 2 ne a cikin tsofaffin sojojinsu, wajen 1 cikin 10 kenan. A lissafinsu tsofaffin sojoji maza 6 cikin 100 suna gamuwa da ciwon a rayuwarsu, mata kuwa 13 cikin 100, ninki biyu har da ɗoriya. Kuma bincikensu ya sha nuna cewa matan sun fi mazan zuwa zaman magana da likita, mazan kuma sun fi ɓullowa ta hanyar giya da ƙwaya, matan ta ciwon damuwa da fargaba.

A 2004 an yi wani babban bincike akan sojojin da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan, cikin waɗanda aka ga alamar matsala a tare dasu kashi 23 zuwa 40 cikin 100 ne kawai suka nemi taimako, kuma kashi 65 suka ce tsoronsu kar a ɗauke su ragwaye. Wannan fa ƙasar da maganin yake a ajiye yana jiransu kenan, balle mu.

Ɗaya abin da ya raba maza da mata shine irin raunin. VA tana tambayar duk wanda yazo asibitinta ko an taɓa cin zarafinsa ta hanyar lalata lokacin yana aiki, fyaɗe ko matsin lamba, mace 1 cikin 3 ke cewa eh, namiji 1 cikin 50. Ka riƙe wannan don zamu dawo kansa ta ɓangarorin biyu.

Nan gida ma maganar ta iso mu, tun daga Laberiya da Saliyo da Darfur har zuwa rundunar yaƙi da Boko Haram ta Lafiya Dole da ta koma Haɗin Kai a 2021, ga kuma mata suna ƙaruwa a kaki, makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin hafsoshin yaƙi a 2011, sojan ƙasa kuma suka kafa rundunar mata a 2018.

In namiji ne

Kar ka fara da kalmar ƙwaƙwalwa, kar ka kuskura ka ambaci hauka ko da wasa, kuma kar a taɓa yi masa barazanar za a kaishi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau in bai daina ba, ranar da ka faɗi haka ka rufe ƙofar shekara biyar. Ta jiki ake shiga. Barci, ciwon kai, hawan jini, bugun zuciya, kunnen da yake masa ƙara tun wani bam da ya tashi kusa dasu, waɗannan namiji baya jin kunyar kaisu asibiti. Mahaifiyata ce ta ci galabar Kawu, kuma abinda tace masa kawai shine, Yaya wannan rashin barcin naka shi yake tayar maka da jini, ka bari yaron nan ya raka ka a duba. Bata ce masa komai akan Laberiya ba. Amma kafin su shiga an riga an rubuta wa likitan a 'yar takarda cewa tsohon soja ne kuma ga abinda ake gani a gida, ka yi hakan kai ma, don in ka barshi da likita shi kaɗai zai ce lafiya lau ne fanadol kawai yake so.

Waye zai yi maganar ma abin dubawa ne. Matarsa ita ta fi kowa sanin abin don ita take kwana dashi, amma daga bakinta sai yaji kamar gori, musamman in a gaban yara ne. Wanda ya fi ci shine wanda suka sha daji tare, kos met ɗinsa da suka yi horon soja tare, ko wani ogansa na da da yake ganin girmansa, in kuma aka dace wannan ɗin shi ma ya taɓa ganin likita to an gama rabin aiki. In babu, yayarsa ko mahaifiyarsa ko limamin da yake jin maganarsa. Taron dangi kuma a'a, kar a tara masa mutum goma a falo kamar an kafa kotu. Mutum ɗaya, da safe ko da hantsi, ba da daddare ba kuma ba bayan ya dawo daga mashayar bariki ta mami ba, kuma in da hali a mota ko kuna tafiya kafaɗa da kafaɗa, maza irin waɗannan sun fi sakin baki in ba a kallon ƙwayar idonsu.

Sannan ka gaya masa abin yana da iyaka. Abinda yake tsoro shine a zaunar dashi a ce yayi ta kuka a gaban wani yaro ɗan boko har illa masha Allahu. Ka ce masa kwas ne, zama 12, sati-sati, akwai aikin gida, akwai maki da ake aunawa, wata 3 an gama. Soja ya san kwas, ya san atisaye, kuma gaskiya ce ba yaudara ba don haka tsarin yake.

In yana shan giya ko wiwi ko tiramol ko kodin, kar ku ce sai ya daina tukun za a kaishi, yawanci don yayi barci ya fara, kuma yanzu likitoci haɗa biyun suke yi su yi maganinsu lokaci guda. Sai dai a gaya wa likita gaskiyar abinda yake sha da yawansa, wanda ya daɗe yana shan giya kullum in ya yanke rana ɗaya yana iya jijjiga, da kulawar asibiti ake saukowa.

Akwai wanda ba a faɗa. Namiji 1 cikin 50 ɗin can da na ambata, da yake maza sun fi yawa a soja nesa ba kusa ba, in aka tara sai ka ga fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu cewa eh ɗin maza ne, kuma su suka fi kowa ƙin zuwa neman magani akai. Don haka in naka yana da duk alamun nan amma ya dage shi bai ga wani abin tashin hankali a daji ba, kar ka tsare shi da tambaya, kar kuma kace ƙarya yake, ka barshi da likita su biyu ka fita waje ka jira.

Ke kuma matar gida, firgici dalili ne amma ba lasisin duka bane. In ya fara kai hannu, ko ya taɓa shaƙe ki cikin barci ko da bai sani ba, a raba makwanci tukun, ki sanar da wani babba a danginki da nasa, kuma ki faɗa wa likitan ƙarara, haƙurin da za ki yi shiru dashi ba taimakonsa kike ba.

In mace ce

Wata maƙwabciyarmu da tayi aikin jinya a soja, an kaita arewa maso gabas, ta bani labarin ranar da ta je wani asibiti da katinta, ta miƙa, mutumin da ke kan tebur bai ko ɗago ba yace Hajiya ina ogan, ai shi zai zo da kansa. Tace ni ce sojan. Sai a lokacin ya ɗago ya kalle ta sama da ƙasa da hijabinta yayi 'yar dariya. Tace min wallahi ba don ta riga ta biya kuɗin Keke ba da juyawa zata yi. Toh irin wannan ita ce korar da nake nufi, kuma ba mu kaɗai ba, a Amurka an yi bincike aka samu mace 1 cikin 4 a tsofaffin sojoji mata masu zuwa asibitocin VA tace mazan da ke wurin sun taɓa yi mata maganar banza ko tambayar me ya kawo ta, kuma irin waɗannan sun fi jinkirta zuwa ko fasawa.

Don haka aikinka akan mace ba lallashi bane sosai, share hanya ne. Ranar farko a raka ta, mace 'yar uwarta in da hali, wadda zata zauna da ita a layi. Jimlar farko da zata faɗa wa likita ita ce ni tsohuwar soja ce, nayi aiki a wuri kaza shekara kaza, don in bata faɗa ba ba za a tambaya ba, za a ga mace mai kuka da rashin barci a rubuta ciwon damuwa a bata ƙwaya a sallame ta, alhali tushen yana can ba a taɓa ba. A gida kuma an fi saurin cewa mace iska ce ta taɓa ta, in ta zabura cikin dare tana ihu sai a ɗauko habbatussauda da hayaƙi. Ni ban hana kowa addu'a da ruƙiyya ba, a yi, amma a haɗa da asibiti, ai hadisi ne ingantacce cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Kar ka yanke mata irin rauninta. Wasu da sun ji mace soja mai firgici sai zuciyarsu ta tafi kan fyaɗe, wasu kuma su ce ai mata basa zuwa bakin daga me ta gani. Duka biyun kuskure ne. Wadda take karɓar gawarwaki da masu yankakkun ƙafafu a tantin jinya ta ga yaƙi ko bata harba harsashi ɗaya ba, wata kuma duka biyun ne suka haɗu mata. In kuwa cin zarafi ne daga wanda suke sanye da kaki ɗaya, wannan ciwonsa daban ne, don wanda aka ce shi zai kare bayanta shi ya cuce ta, ƙila ma ogan da zata kai wa ƙara ne, shi yasa yarda take mata wuya ko da likita. Tana da damar cewa likita mace take so, ku tambaya tun wajen yankar kati kar kuji nauyi, in kuma babu to ta nemi nas mace ta zauna a ɗakin. Kar a tura ta zaman rukuni da maza sai in ita tace tana so.

Sai sirri. Namiji tsoronsa a ce rago ne, ita tsoronta aurenta, ko in bata yi ba a ce wa zai auri wadda ta taɓa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, ko dangin miji su samu abin gori. Duk wanda ya raka ta ya kama bakinsa, ba kishiya ba ƙawa ba guruf ɗin WhatsApp na dangi. Kai kuma maigida in kai ne mijin, ba dole sai ka san abinda ta faɗa a ɗakin ba, kar ka tare ta a ƙofa da me kuka tattauna.

Abinda ya fi cin zaman mata kuwa ba wani babban abu bane, yara ne da girki da kuɗin mota. Zama 12 sati-sati yana nufin rana 12 da wani zai ɗauko yara daga makaranta ya ɗora tukunya. Ku zauna tun kafin a fara ku raba, wa zai riƙe yara, wa zai bada kuɗin mota, a ware shi gefe guda. In garin da nisa a tambayi likitan ko wasu zaman za su yiwu ta waya ko bidiyo, an gwada hakan a Amurka kuma yana aiki, sai dai ta samu ɗakin da ba mai jin ta. In tana da ciki ko tana shayarwa ko tana neman haihuwa ta faɗa kafin a rubuta mata ƙwaya, akwai irin su paroxetine da ake kauce wa masu ciki.

Me ake yi a ɗakin ne wai

Ku san sunayen don ku iya tambaya, ba duk mai cewa yana kansilin bane ya iya wannan aikin. Na farko CPT, wata masaniya Patricia Resick ce ta tsara shi kuma asali don matan da aka yiwa fyaɗe aka yi shi kafin a ga yana yiwa sojojin yaƙi aiki, yawanci zama 12 ne, ana bin tunanin da ya maƙale wa mutum ne ɗaya bayan ɗaya, irin da ban canza wuri dashi a mota ba da bai mutu ba, ko ni na jawo wa kaina da na shiga ofishinsa ni kaɗai, a baje shi a faifai a duba ko gaskiya ne. Na biyu PE na Edna Foa, zama 8 zuwa 15, shi kuma mutum zai riƙa bada labarin abin daki-daki ana maimaitawa har zafinsa ya ragu, sannan a jera abubuwan da yake gudu daga mai sauƙi zuwa mai wuya, yau ya tsaya bakin kasuwa minti goma, wani satin ya shiga ciki. Akwai EMDR mai haɗawa da motsa ido, akwai kuma NET wanda aka gwada a sansanonin 'yan gudun hijira a Yuganda, ana jera rayuwar mutum ne tun daga haihuwa, ya dace da wanda abin ya same shi ba sau ɗaya ba sau biyu ba.

A 2007 an fitar da wani gwaji da aka yi akan mata 284, tsofaffin sojoji da masu kan aiki, waɗanda aka yiwa PE kashi 41 cikin 100 sun fita daga sahun masu ciwon, waɗanda aka yiwa zaman hira akan matsalolin yau da kullum kuwa wajen kashi 28. Amma a gwajin nan dai kashi 38 na masu PE basu ƙarasa ba. Kaga maganin yana ci amma da ɗaci.

Ƙwaya kuma akwai sertraline da paroxetine da venlafaxine, suna ɗaukar sati 4 zuwa 6 kafin a fara ganin aikinsu, ba a kuma yanke su rana ɗaya. Suna iya rage sha'awa ko ƙarfin namiji, kuma wannan shine dalilin da maza da yawa suke watsar dasu a ɓoye ba su gaya wa kowa ba, gara a sani tun farko, in ya faru a koma a canza. Baliyam da danginsa da ake siya a kemis don barci kuwa a guje su, basa warkar da firgici kuma jiki yana sabawa dasu.

Ina za a dosa

Asibitin sojoji na 44 a Kaduna da na 68 a Yaba, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Maiduguri da Kware a Sakkwato, sannan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen ƙwaƙwalwa, kuma ga namijin da sunan asibitin kaɗai zai sa ya tirje, asibitin koyarwa ya fi sauƙin shiga tunda kowa da irin ciwon da ya kaishi. Mai ritaya ya tafi da katinsa na inshorar lafiyar sojoji ya tambayi abinda ta ɗauke masa. In kun shiga ku tambaya kai tsaye ko akwai saikolojis, wato masanin halayyar ɗan adam, da ya iya maganin firgici na magana, kar a tsaya a ƙwaya kaɗai. Wanda naku yake Amurka yayi aikin soja a can, VA tana kula da wanda aka ci zarafinsa a bakin aiki kyauta, mace ko namiji, ba sai ya kawo shaidar ya taɓa kai ƙara ba, kuma layin gaggawarsu 988 ne sai a danna 1.

Lokacin da za su ce sun fasa

Ku sa ran wannan, yawanci a zaman farko-farko ne, lokacin da aka fara taɓa gyambon, mafarkai na iya ƙaruwa na ɗan lokaci. Namiji zai ce shi ya warke ko yace likitan yaro ne bai san daji ba, mace zata ce hidima tayi mata yawa ko yaron ba lafiya, kuma ita da gaske hidimar ce amma akwai gudun a ciki. Kar ku yi faɗa. Ku ce a je wannan satin kawai a gaya wa likitan haka da baki, shi ya san yadda zai rage gudu ko ya canza salo, in kuma jininsu ne bai haɗu ba a nemi wani likitan. Ranar zama kar a haɗa masa da wata hidima, in ya dawo a barshi ya huta, kar a tambaye shi ya aka yi. Akwai takardar tambayoyi 20 da ake cikewa ana auna ciwon, ku roƙi likita ya riƙa nuna masa makinsa, wanda ya ga lamba tana sauka da idonsa ya fi jurewa.

Abu ɗaya ne ba a jira dashi. In ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ta fara rabar da kayanta tana neman yafiya ba dalili, ka tambaya kai tsaye, kana tunanin kashe kanka ne, tambayar bata sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Bindiga ko ta farauta ce a fitar da ita daga gidan, haka adda da tarin ƙwayoyi da fiya-fiya da maganin ɓera, kuma kar ace ai mace ce ba zata iya ba, wadda aka koya wa harbi ta iya. Kar a barshi shi kaɗai a ɗaki, a tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a daren nan ba sai gari ya waye ba, mutum biyu su raka, ɗaya na tuƙi ɗaya na zaune kusa dashi a baya.